Firjin Cikin Kabad Mai Tsada: Ya Ci Kuɗinsa a Abuja? Tambayoyi da Amsoshi

Sana'ata haɗa kicin ce. Na auna bango na yanka katako a gidajen Gwarinpa, Jabi, Katampe da Guzape, kuma tun da matanmu suka fara ganin kicin ɗin Turai a Instagram, babu tambayar da ta fi zuwa mini kamar ta firjin nan da ake ɓoyewa cikin kabad, ba a gane shi sai an buɗe. Aikin kabad ɗinsa ya fi kawo mini kuɗi, amma na fi son mutum ya san abin da zai shiga kafin ya zuba dukiyarsa. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa.

Malam, da me ya bambanta da firjin da muka sani?

Firjin da muka saba da shi, na Haier Thermocool ko LG ko Hisense ko Scanfrost, da ƙafafunsa yake tsaye. Duk inda akwai soket ka jona shi, ranar tashi ka ɗora shi a mota. Na cikin kabad kuwa an ƙera shi ne don a cusa shi cikin gurbin da kafinta ya yi masa, a ɗaure shi, ya zama ɓangaren ginin kicin.

Iri biyu ne. Akwai na Turai, irin su Bosch, Siemens, Liebherr da Miele. Mafi yawansu na shiga kabad mai faɗin santimita 60, tsayin gurbin kusan santimita 178, sai a manna masa ƙofar katako irin ta sauran kabad ɗin. Akwai kuma manyan na Amurka, wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Sub-Zero, kamfanin da aka kafa a jihar Wisconsin a 1945. Waɗannan faɗinsu kan kai inci 36 zuwa 48, tsayinsu inci 84, wato ya haura mita biyu, kwamfiresonsu kuma, wato injin da ke kawo sanyin, a sama yake bayan wata raga. Mai faɗin inci 48 nauyinsa ya wuce kilo 200, don haka tun kafin ya iso sai an duba ƙofar gida da matakalar bene.

Nawa ake magana?

Ba zan faɗi farashi da naira ba, domin da dala da yuro ake sayo shi, kuma kowa ya ga yadda canji ya yi. Kafin watan Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Babban Sub-Zero a can Amurka ya wuce dala 10,000. A lissafin naira 1,500, miliyan 15 ke nan tun bai hau jirgin ruwa ba, ba a biya kwastan ba, ba a ɗauko shi daga Legas ba. Na Turai sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma su ma sun fi na tsaye mai girmansu tsada.

Abin da mutane ke mantawa shi ne kuɗin bai tsaya kan firjin ba. Akwai kabad ɗin, wanda ba a yi da katakon banza. Akwai ƙofofin da za a manna masa, da layin wutarsa shi kaɗai, da sitabilaiza mai kyau, da kuɗin wanda ya iya ɗaura shi. Wanda ya tanadi kuɗin firjin kawai bai gama tanadi ba.

To me mutum ke samu da wannan kuɗin?

Na farko ado, kuma ban raina ado ba. Mace tana yini a kicin, idan tana son ta shiga ta ga bango a miƙe sumul, babu ƙaton ƙarfe da ya turo ciki tsakiyar ɗaki, wannan buƙata ce ta gaskiya. Araha ba ta ado, haka Hausawa suka ce.

Na biyu ƙira. Manyan cikinsu suna da ƙarfe mai kauri, aljihunan da ba sa karyewa da wuri, da ƙofa mai kama jiki. Sub-Zero yana sa kwamfireso biyu, ɗaya na ɓangaren sanyi, ɗaya na ɓangaren ƙanƙara, iskar kowanne ba ta haɗuwa da ta ɗan'uwansa. Amfanin haka biyu ne: warin kifi ko daddawa ba ya ratsawa ya kama ƙanƙara da kunun aya, sannan ganye ba ya bushewa da wuri domin busasshiyar iskar firiza ba ta bi ta kansa. Liebherr da Miele da Bosch kuma suna da aljihu na musamman da sanyinsa ke tsayawa dab da digiri sifili, inda nama da kifi ke ƙara kwana ba tare da sun daskare ba. Latas da kabeji da karas ɗin Jos suna jin daɗin irin wannan ajiya.

Sai dai a yau firji na tsaye masu matsakaicin kuɗi, na Samsung da LG misali, sun ɗauko da yawa daga cikin waɗannan dabaru. Tazarar da ke tsakani a sanyi ba ta kai tazarar da ke tsakani a kuɗi ba. A ganina mafi yawan abin da aka biya na kyan gani ne, kuma gara mai saye ya san haka tun farko.

Zai ɗauki kayan gidanmu? Mu goma sha biyu ne, ban da baƙi.

Hajiya, nan ne aka fi yin da-na-sani. Na Turai mai faɗin santimita 60, cikinsa gaba ɗaya bai fi lita 250 zuwa 270 ba, ɓangaren ƙanƙararsa kuma lita 60 zuwa 70 ne da 'yan kai. An yi shi ne don gidan mutum uku ko huɗu masu zuwa kanti kowane mako su sayo kaɗan kaɗan. Ba shi da zurfi, domin dole ya daidaita da kabad. Na sha ganin tukunyar miyar gidan Bahaushe ta ƙi shiga, ƙofa ta ƙi rufuwa.

Mu kuwa ba haka muke ajiya ba. Lokacin arahar tumatir kwando ake sayowa daga Dei-Dei, a haɗa da tattasai da attaruhu a markaɗa, a tafasa, a ƙulla a ajiye na watanni. Kifi katan ake ɗaukowa daga kasuwar Kado. Da azumi ga zoɓo, ga kunun aya, ga ƙanƙarar da maƙwabta za su aiko a ba su. Sai kuma Babbar Sallah, rago ɗaya ko biyu, wani gidan har da kason naman saniya.

Akwai wani adadi a takardar kowane firji da kusan ba wanda ke dubawa: kilo nawa na ɗanyen abu zai iya daskarar da shi cikin awa 24. A ƙananan na cikin kabad kilo kaɗan ne. Idan aka loda masa naman rago guda da ɗuminsa, na tsakiya zai daɗe bai kama ba, kuma zai narkar da abin da ya tarar a ciki. Shi ya sa ko an soya rabin naman layya an yi dambu da wani, sauran sai difiriza mai murfi a sama, ta lita 200 ko 300. Kusan duk gidan da na sa wa firjin cikin kabad, daga baya sun ajiye difiriza a sito ko a kicin ɗin baya. Idan gidanki babba ne, ki sa ta cikin lissafi tun yanzu, ki bar mata wuri da soket.

Yaya zai yi da wutarmu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi. An ƙera waɗannan firji ne don ƙasashen da wuta ba ta motsi. Cikinsu akwai fanel na lantarki mai kula da sanyi, da fanka, da narkar da ƙanƙara, kuma shi ne ya fi saurin ƙonewa idan wuta ta dawo da ƙarfi, ko ta yi ƙasa sosai, ko aka juya daga NEPA zuwa janareto da gaggawa. Ko a layin Band A, inda alƙawarin AEDC, kamfanin rarraba wutar Abuja, shi ne aƙalla awa 20 a rana, ana ɗaukewa ana kawowa, kuma a 2024 babban layin wutar ƙasa ya faɗi sau da dama. Da damina ga tsawa.

Wani gida da na yi wa aiki, fanel ɗin firjinsu ya ƙone a dare ɗaya da aka kawo wuta mai ƙarfi. Firjin lafiyarsa lau, kwamfireso bai taɓu ba, amma babu fanel ɗin a kasuwa. Watanni suka yi suna jiran a aiko shi daga waje, uwargidan tana ajiye abinci a ƙaramin firjin ɗakin yara, ga ƙaton kabad a tsaye a kicin ba ya komai. Na ji ciwon abin, domin da an sa abin kariya na kuɗi kaɗan da bai faru ba.

Saboda haka ba na ɗaura irin wannan firji sai da sharuɗɗa. A ja masa layinsa shi kaɗai daga akwatin wuta. A tabbatar wayar ƙasa ta gidan tana aiki, ba ado ba ce a soket. A sa sitabilaiza wadda ta fi ƙarfinsa, mai jinkirin minti uku kafin ta saki wuta, domin kwamfireso ba ya son a tashe shi nan take bayan ya tsaya. Sannan a sa abin tare tsawa a akwatin wutar gidan. Wanda yake da sola ya fi kowa kwanciyar hankali, muddin inbatarsa mai ba da tatacciyar wuta ce irin wadda injin ke so, batirin kuma zai kai safiya.

Idan aka ɗauke wuta, ya fi riƙe sanyi?

Ba sosai ba. Ƙa'idar da aka sani ita ce firji a rufe yana riƙe abinci lafiya kusan awa 4, firiza cike taf kusan awa 48, mai rabi kusan awa 24. A wannan fanni difiriza mai murfi a sama ta fi su duka, domin iska mai sanyi ƙasa take kwanciya, buɗe murfi ba ya zubar da ita kamar yadda buɗe ƙofar tsaye ke yi.

Yana shan wuta da yawa?

Ya danganta da girmansa. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka rage zuwa 200 da 'yan kai. A duba takardar da ke manne jikin firjin, an rubuta yunit nawa yake ci a shekara. Idan ta ce 300, a farashin naira 210, kusan naira 63,000 ke nan a shekara. Manyan na Amurka suna iya ninka wannan. A ƙara wani abu a kai, domin ba a kicin ɗin Abuja na watan Maris aka yi awon ba.

Ɗana yana Amurka, ya ce zai aiko mini da shi. In karɓa?

Alhaji, Allah Ya yi masa albarka, amma ka ce ya dakata tukuna. Wutar Amurka bolt 120 ce, mai bugawa sau 60 a daƙiƙa. Tamu bolt 230 ce, mai bugawa sau 50. Taransifoma za ta rage ƙarfin wutar, amma ba za ta canja yawan bugun ba, kuma injin da aka yi don 60 idan aka ɗora shi kan 50 yana iya yin zafi ya gajiya da wuri. Ban da haka, garantin kamfani yawanci a ƙasar da aka sayar da kaya yake aiki, ba ya biyo shi Najeriya. Kamfanonin suna ƙera na ƙasashen waje masu bolt 220 zuwa 240, to shi za a nema. Daga Ingila ko Jamus ko Dubai wutar ta yi daidai da tamu, sai dai a duba maganar zafi.

Wace maganar zafi?

Kowane firji yana da haruffan da ke nuna iyakar zafin ɗakin da zai iya aiki a ciki. SN da N iyakarsu digiri 32. ST digiri 38. T digiri 43. A Abuja tsakanin Fabrairu da Afrilu zafi kan haura 35, wani lokaci ya tasam ma 40, kicin kuma da gas a kunne da tukunya a kai ya fi waje zafi. Duk firjin da alamarsa ba T ko SN-T ba ce, wato wanda bai kai digiri 43 ba, ba na ba da shawarar a saya a nan. Da yawa cikin na hannu da ake shigowa da su daga Turai N ne ko ST, su ne za ka ji suna ta aiki ba hutu amma ruwa ba ya sanyi.

Mutanen Jos suna da sauƙi a wannan, garin yana kan tudu kimanin mita 1,200, ST zai wadatar da su. Maganar wuta da kayan gyara dai ɗaya ce.

Ba zan iya sayen na tsaye in sa kafinta ya rufe shi da kabad ba?

Rufewa ruf, a'a. Firji ba ya ƙirƙirar sanyi daga babu, zafin ciki yake kwasowa ya fitar waje, kuma yawancin na tsaye na zamani ta jikin gefensu suke fitar da shi. Taɓa gefen naka da rana ka ji. Idan aka matse shi da katako zafin zai rasa hanya, kwamfireso ya yi ta wahala har ya mutu. Shi na cikin kabad an tsara shi ne iska ta shiga ta ƙasa, ta bi ta baya, ta fita ta sama, kuma masu ƙera na Turai kan nemi a bar kafar iska ta kusan murabba'in santimita 200 sama da ƙasa. Na ga kafintocin da suka toshe wannan kafa don wai ta ɓata ado. Babu firjin da zai yi ƙarko a haka, komai tsadarsa.

Abin da nake yi wa mafi yawan mutane shi ne hanya ta tsakiya. A sayi na tsaye mai kyau wanda ba shi da zurfi sosai, a gina masa gurbi, kabad a gefe da gefe da sama, a bar tazarar da littafinsa ya ce, fuskarsa a waje. Kicin zai yi tsaf, iska tana yawo, kuma ranar da ya lalace a jawo shi a tura wani. Rarar kuɗin ta isa difiriza, sau da yawa har da wani abu na sola.

An ce yana shekara ashirin. Gaskiya ne?

Sub-Zero da Miele suna cewa sun ƙera kayansu su kai kimanin shekara 20, kuma a ƙasashensu ana samun haka, domin akwai wuta tsayayya, akwai ma'aikacin kamfani da zai zo da kayan gyara a motarsa. A nan tsawon ransa yana hannun abu biyu: wutar gidanka, da wanda zai gyara shi. Firjin Thermocool ko LG idan ya tsaya, kafin la'asar ka samo mai gyara a unguwarku, kayan kuma suna kasuwa. Wannan kuwa, kafin ka biya ko sisi, ka tambayi dillalin: wa ke gyara shi a Abuja, ina shagonsa, akwai fanel da fanka da robar ƙofa a ajiye, ko sai an yi oda? Ya rubuta maka garantin a takarda. Idan ya fara kame-kame, cinikin biri a sama ne.

A kula kuma da mai gyaran da zai ce gas ya ƙare a ƙara. Gas ɗin firji ba ya ƙarewa sai in akwai yoyo, kuma sai an toshe yoyon. Yawancin sababbi suna amfani da R600a, mai kama wuta, ba a musanya shi da wani iri, ba a kuma sa wuƙa a ɓamɓare ƙanƙara.

Akwai wani ɗauri da ba a gani sai daga baya. Ranar da firjin ya mutu gaba ɗaya, dole a nemo wani mai awo ɗaya da gurbin, in ba haka ba a farke kabad. Na Turai sun fi sauƙi a nan, domin awonsu kusan ɗaya ne daga kamfani zuwa kamfani.

Mai fitar da ruwa da ƙanƙara fa?

Yana son ruwa mai ƙarfi da tsafta. Gidan da ruwansa daga tankin sama yake gangarowa sau da yawa ƙarfin ba ya isa sai an ƙara famfo, ruwan burtsatse kuma yana toshe matatar da wuri, ita ma matatar daga waje take zuwa. In bututun ya yi yoyo a bayan kabad ba a gani ba, katakon MDF kumbura yake yi. Ni ina cewa a haƙura da shi.

Haya muke yi a Wuse. Ya dace da mu?

Bai dace ba. Ranar tashi za ku ciro firjin, amma kabad ɗin da ƙofofinsa na mai gida ne, shi kuma firjin ba shi da jikin da zai tsaya a fili. Haka nake faɗa wa iyayen da ke son sa shi cikin kayan ɗakin amarya: in ba gidan kansu za ta shiga ba, a saya mata na tsaye mai kyau da difiriza.

Zai ƙara wa gidana daraja idan zan sayar?

Mai sayen gida a Abuja unguwa yake dubawa, da takardun fili, da hanya, da ruwa, da wuta. Kicin mai kyau yana sa gida ya shiga rai da wuri, musamman a Maitama ko Asokoro inda ake sa ran ganin haka, amma ban taɓa ɗaukar cewa kuɗin firjin zai dawo cikin farashin gida ba.

To wa ya kamata ya saya?

Wanda gidan nasa ne kuma zai daɗe a ciki. Wanda wutarsa ta zauna, da sola ko janareto mai kyau da kayan kariya. Wanda ya samu dillalin da ke da mai gyara a gari. Wanda yake da wani firji ko difiriza a kicin ɗin baya don hidimar yau da kullum, wannan na gaba kuma na madara da 'ya'yan itace da abin sha ne. Wanda kuma in ya lalace gobe ba zai shiga bashi ba. Mai waɗannan duka, in ransa yana so, ya saya, zai ji daɗinsa, ni ma zan ji daɗin ɗaura masa.

Na riga na yanke shawara. Me zan fara yi?

Ki zaɓi firjin kafin a yanka katako ko ɗaya, ki karɓo takardar awonsa ki ba kafinta, kada a bi awon baki. A nisanta gurbin daga murhu da tagar da rana ke bugawa. A sa soket ɗin a kabad na kusa, inda hannu zai kai ba sai an ciro firjin ba. Ƙasan gurbin a yi shi da filawud mai jure ruwa. Idan ya iso, a bar shi a tsaye na wasu awanni kafin a jona, man kwamfireso ya koma mazauninsa. A saita ɓangaren sanyi a digiri 4, na ƙanƙara a 18 ƙasa da sifili. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma, lokacin ƙurar hunturu, a riƙa buɗe ragar iskar sama da ta ƙasa ana share su da buroshi kowane wata.